Asibiti Na Kusa, Amma Wa Zai Kai Mara Lafiya Bakin Ƙofa?

Idan ana lissafin garuruwan da Allah ya wadata da likitoci a Arewacin ƙasar nan, to, ba za a yi nisa ba sai an ambaci Zariya. Daga Samaru zuwa Shika, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake, tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Mutumin Sabon Gari kuwa, ga asibitin gwamnati a kusa da shi, ga na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na mishan a Wusasa, ga kuma asibitocin kuɗi birjik. Amma duk da haka da wuya ka sami ikkilisiya a Samaru ko Sabon Gari wadda ba ta taɓa binne macen da ta rasu wurin haihuwa ba, ko yaron da zazzaɓin kwana uku ya ɗauke. In kuwa aka bi diddigi, sau da yawa magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin ma'aikatan asibiti, wato an kawo shi a makare.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, tarihin aikin likita a ƙasar Zazzau ya nuna cewa gina asibiti rabin aiki ne kawai. Sauran rabin shi ne mara lafiya ya iso bakin ƙofa tun da sauran ƙarfinsa. Wannan rabi na biyu kuwa ya fi ƙarfin likita shi kaɗai, kuma muna ganin ikkilisiya tana da babban kaso a cikinsa. Bari mu waiwayi baya tukuna, domin wanda bai san inda aka fito ba, ba zai gane inda aka nufa ba.

Daga Girku zuwa Wusasa

A shekarar 1900 ne Likita Walter Miller, wanda kakanninmu suke kira Likita Mila, ya shigo ƙasar Hausa cikin ayarin Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS. Sun kai har Kano, Sarki Aliyu Babba ya sallame su, suka dawo suka yada zango a Girku. A 1905 Mila ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, inda ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani, har zuwa 1929 lokacin da mishan ta koma Wusasa. A can ne asibitin St. Luke ya kafu, kuma har gobe yana karɓar Musulmi da Kirista.

Tun a wancan zamani akwai wata tambaya da mutanen birni suke yi, kuma tambaya ce mai ma'ana: shin wannan Bature yana ba da magani ne domin mutum ya warke, ko kuwa maganin ƙugiya ce ta kama mutane zuwa addininsa? Wannan zargi ya hana mutane da yawa zuwa wurinsa sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Amsar da ta dace da mai bin Almasihu tana cikin Luka sura 17. Ubangiji ya warkar da kutare goma, ɗaya ne tak ya dawo ya yi godiya, amma bai karɓe lafiyar sauran taran ba. Ke nan maganin da aka gindaya wa sharaɗi ya zama ciniki. Duk asibitin da ke ɗauke da sunan ikkilisiya, wajibi ne mara lafiya ya shige shi ya fito da addininsa da mutuncinsa ba tare da an matsa masa ba.

Kada kuma mu manta cewa ikkilisiyar Hausa ta farko ta ɗanɗani zafin rashin magani a jikinta. Bayan 1913, lokacin da waɗansu daga cikin Isawa suka karɓi bishara, an kafa musu ƙauye a Gimi. Cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya faɗa wa ƙauyen ya kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka watse, waɗansu suka dawo Zariya. Mutanen Gimi ba su rasa bangaskiya ba, ba su kuma rasa addu'a ba. Abin da babu a lokacin shi ne magani mai kyau a kusa.

Wannan ciwon barci ne ya sa gwamnatin Turawa ta soma shirin Anchau a 1937. An sassare kurmin bakin rafuffuka inda tsando ke zama, an tashi ƙauyuka an sake musu matsuguni, an gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ciwon ya ragu ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma da ƙarfin hukuma aka yi aikin. Tilas ne a tara jama'a a lalubi wuyansu, tilas ne wanda aka samu da cutar ya karɓi allura, alhali kuwa allurar wancan zamani takan taɓa idon waɗansu. Ƙarfin hukuma yana iya jera mutane a layi na yini ɗaya, amma ba ya sa uwa ta ɗauko ɗanta da tsakar dare ta kawo shi don kanta. Yarda ce kaɗai take yin wannan.

'Ya'yan Wusasa

Daga makarantar mishan ta Zariya ne Dokta Barau Dikko ya fito, wanda aka haifa a 1912, ya yi karatu a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ya zama likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya. Ya rasu a 1977, kuma sunansa ne asibitin koyarwa na Kaduna yake ɗauke da shi. Bayansa sai Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau a 1927, likitan yara, wanda ya zama likitan Sardauna Ahmadu Bello. Ku lura da wannan: Firimiyan Jihar Arewa, ɗan zuriyar Shehu Ɗan Fodiyo, ya damƙa lafiyar jikinsa a hannun Kirista ɗan makarantar Wusasa. Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kuma a zamaninsa ne, a 1967, aka soma koyar da aikin likita a jami'ar. Ya riƙe muƙamin ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Bayan duk wannan ɗaukaka sai ya dawo Samaru ya buɗe asibiti, yana duba marasa lafiya yana kuma aikin fasto, har ya rasu a 2005. Dattawan Samaru ba su manta da shi ba.

Abin da aka ƙirga a Zariya

A shekarun 1970 asibitin koyarwa, wanda a lokacin yake Tudun Wada kafin ya koma Shika a 2005, ya yi suna a duniya wajen bincike. A nan ne Brian Greenwood ya yi aiki a kan sanƙarau, David Warrell kuma a kan saran kububuwa, macijin nan da ake wa laƙabi da gobe da nisa. Amma binciken da ya fi shafar maganarmu shi ne na Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata ɗan Abonnema ta Jihar Ribas. Shi da abokan aikinsa sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin daga 1976 zuwa 1979, ɗaya bayan ɗaya, aka buga sakamakon a 1985. Mata 238 ne suka rasu a cikinsu.

Su wane ne suka rasu? Mafi yawansu matan da ba su taɓa zuwa awon ciki ba ne, waɗanda aka kwaso su bayan sun kwana biyu ko uku suna naƙuda a gida, ko jini ya tsinke, ko jijjiga ta kama su. Matan da suka yi awo kuwa, mutuwa a cikinsu kaɗan ce ƙwarai. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, ɗakin tiyata ɗaya, amma sakamako ya bambanta kamar dare da rana. Binciken ya kuma nuna cewa ƙananan 'yan mata da suka yi ciki tun ƙugunsu bai gama girma ba suna cikin babban haɗari, sannan matan da suka yi makaranta sun fi tsira, su da jariransu. Wannan aiki na Zariya yana cikin abubuwan da suka farkar da duniya har aka ƙaddamar da shirin kare lafiyar mata masu haihuwa a Nairobi a 1987.

A waɗannan shekaru ne kuma Farfesa Eldryd Parry da Dokta Neil Davidson suka lura da yawan matan Zariya da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa. Sun danganta abin da yawan shan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai waɗansu dalilai kuma, kamar talauci da ƙarancin wani sinadari a abinci. Ko mene ne sanadin, darasin bai sake ba: mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, asibiti za a kai ta a ranar, ba a ƙara mata ruwan zafi ba.

To, in dai an san duk wannan tun shekaru arba'in da suka wuce, me ke tare hanya har yanzu? Mun ga abubuwa uku.

Kuɗi

Tun daga 1986, lokacin da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, asibitocin gwamnati suka koma rubuta wa mai jinya takarda ya je ya sayo kome, daga safar hannu har ruwan ƙari da zaren ɗinki. Ƙwararrun likitoci da yawa suka tafi Saudiya da Ingila, kuma wannan ƙaura ba ta tsaya ba. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma gwamnatin tarayya ba ta kai ga wannan adadi ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mai ciwo yake fitowa.

Saboda haka lebura ko mai tura baro a kasuwar Sabon Gari, in ɗansa ya yi zazzaɓi, kemis zai nufa. Mai kemis maƙwabcinsa ne, yana ba da bashi, yana sayar da ƙwaya biyu in kuɗin biyu ke akwai. Ba mu ɗauke shi abokin gaba ba. Amma lasisin ƙaramin kemis bai ba shi izinin yin allura ko ƙarin ruwa ba, kuma ba shi da abin gwada jini. Ga kuma haɗarin gurɓataccen magani: a 2008 zuwa 2009 wani maganin haƙorin yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan. Kwana ukun da aka ɓata ana gwada wannan ƙwaya da waccan, su ne kwanakin da likita yake nema ya rasa.

Ya kamata kowa ya sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai ciwon gaggawa bisa kowane dalili, kuma ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Haka kuma maganin tarin fuka da na kuturta kyauta ne, ga cibiyarsu ta ƙasa nan a Saye kusa da mu. Dokar da talaka bai san da ita ba kuwa, tamkar babu ita ne.

Tsoro

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. Ana cikin wannan ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara wajen 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma kafin nan ɓarna ta riga ta auku. A 2003, da jita-jita ta tashi a kan rigakafin shan inna, jama'a suka tuna da 1996, aka dakatar da rigakafin a Kano har tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar wa Afirka cewa ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan magana ta shafi 'yan'uwanmu likitoci da nas-nas da ungozomomi da muke sujada tare da su kowace Lahadi. Mun san nauyin da ke kanku, mun san mutum ɗaya yana yin aikin mutum biyar, albashi kuma ba ya kai wata. Amma macen da aka daka wa tsawa tana kan gwiwa, ba za ta dawo haihuwa ta gaba ba, kuma za ta hana ƙanwarta zuwa. Mara lafiya yana da hakkin a gaya masa sunan ciwonsa da harshen da yake ji, da aikin maganin da aka rubuta masa, a kuma nemi yardarsa kafin a yi masa aiki. Karkatar da shi zuwa asibitin kuɗi domin a sami wani abu cin amana ne. Haka nan tona asirinsa. A nan dattawan ikkilisiya ma sai su yi hattara: roƙon addu'a ba dalili ba ne na sanar da sunan ciwon mutum a gaban taro. Akwai masu ɗauke da ƙanjamau da suke gudun karɓar magani don kawai kada wani ɗan majami'arsu ya gan su a layi.

Wa'azi

Na uku ya fi ciwo domin a cikin gida yake. Akwai gidajen addu'a inda ake ce wa mai hawan jini ko ciwon suga ya zubar da maganinsa domin ya nuna bangaskiya, akwai inda ake riƙe mai naƙuda ana yi mata addu'ar dare har gari ya waye. Muna gaskata cewa Allah yana warkarwa, muna kuma yin addu'a domin marasa lafiya kamar yadda Yakubu sura 5 ta koya mana. Amma ina Littafi Mai Tsarki ya haɗa addu'a faɗa da magani? Annabi Ishaya ya kawo wa Sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekaru, shi ne kuma ya sa a manna masa curin ɓaure a kan maruru (Ishaya 38). Manzo Bulus ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa, ya kuma yi tafiya da Luka, wanda likita ne. Wanda ya halicci ganye shi ne ya ba mutum basirar sarrafa shi. Mai wa'azin da ya hana mutum magani har ya mutu, ya san zai ba da lissafin wannan rai.

Abin da ke hannunmu

Ku sake duba labarin Basamariye a Luka sura 10. Masauki yana nan tun kafin a sari mutumin, mai masauki ma yana nan. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ɗauke shi daga bakin hanya. Basamariyen ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi, ya biya dinari biyu kafin alƙalami, ya kuma ɗauki nauyin abin da zai ƙaru. Abin hawa, kuɗin farko, da mai tsaya wa mara lafiya: waɗannan su ne har yau suke raba mai rai da gawa tsakanin Samaru da Shika. Ga shawarwarinmu.

Kowace ikkilisiya ta buɗe asusun gaggawa, a ware masa baiko na Lahadi ɗaya a wata, a damƙa shi ga mutum biyu ko uku masu amana waɗanda za a iya tasa da dare ba sai majalisar dattawa ta zauna ba. Mukan tara kuɗi mai yawa cikin yini ɗaya domin akwatin gawa da abincin masu zaman makoki. Rabin wannan, in ya zo mako ɗaya kafin nan, da ya biya kuɗin tiyata.

Zumuntar mata ta san kowace mai ciki a cikinta, ta tabbata ta soma awo da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 tana ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. Magidanta kuma su ba da izini tun ciki yana ƙarami, cewa in naƙuda ta zo ba sa gida, a wuce da matar asibiti ba sai an jira su ba.

Ƙungiyar matasa ta gwada rukunin jinin 'ya'yanta ta rubuta, domin a san wanda za a kira in an ce a kawo jini. Namiji lafiyayye yana iya bayarwa bayan kowane wata uku. A kuma rubuta sunayen masu mota da masu keke napep da suka yarda a buga musu ƙofa da dare.

Dattawa su nemi bayanin inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, su ga ko ikkilisiya za ta iya biya wa gwauraye da marayu. Likitoci da nas-nas da ke cikinmu kuma a riƙa ba su minti goma bayan sujada su koya wa jama'a alamun haɗari.

Daga ƙarshe, wannan taimako kada ya tsaya a kan 'yan majami'a. Basamariyen bai tambayi addinin wanda ya ɗauka ba, kuma a Sabon Gari katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabtanmu Musulmi. Ranar da ɗanmu zai buƙaci jini, ba mu san hannun wa za a ɗaure ba.

Mutanen Gimi sun mutu domin babu magani a zamaninsu. Mu kuwa ga magani, ga likitoci, ga hanya mai kwalta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ikkilisiya ba hannu ɗaya ba ce. Muna roƙon kowane fasto da kowane dattijo da ya karanta wannan shafi ya kai maganar gaban majalisar ikkilisiyarsa a zama mai zuwa. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu, ya kuma ba mu zuciyar tashi tun da wuri. Amin.